Admire, respect, esteem ko adore: wace za ka ɗauka idan yabon da Turanci za a yi shi?

Duk wanda aka taɓa ɗora wa rubuta jawabin bankwana ga shugaban ma'aikata mai shirin ritaya, ko shafin godiya a farkon kundin digiri, ko ɗan saƙo ga malamin da ya tsaya masa, ya san inda alƙalami ke cijewa. A zuci maganar a shirye take: mutumin nan ya burge ka, kana ganin girmansa, kana so ya sani. To amma da Turanci za a rubuta, kuma Turancin ya zube maka kalmomi rututu, ƙaramin ƙamus yana nuna maka kamar duk abu ɗaya suke nufi. Ba ɗaya ba ne. Wata za ta mai da kai kamar mai neman aure, wata kamar saƙon banki, wata kuma ta kai ka gaɓar da in malam ya ji fassararta zai ce ka yi istigfari.

Da abu huɗu zan auna su. Na farko tsada. Ba kuɗi ake biya ba, amma kowace kalma tana da nauyin da take ɗora wa mai faɗarta, kuma wanda ya kashe mafi tsada a kan ƙaramin abu ba shi da abin faɗa ranar da babban ya zo. Na biyu ɗorewa: za ta karantu bayan shekara 20 a kundin da aka ajiye a laburare, ko kuwa 'yar yayi ce? Na uku sauƙi, wato furuci da nahawu. Na huɗu haɗari, kuma a nan ne ake yawan zamewa: wa ke faɗa wa wa, ƙarami ga babba ne ko babba ga ƙarami, namiji ga mace ne ko akasin haka.

Asalin kalma yana shiga cikin lissafin ne saboda kalma takan bar gidansu amma ƙanshin gidan bai cika barinta ba. Yawancin waɗannan kalmomi ba 'yan asalin Ingila ba ne. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da kotu na kusan shekara 300, sai a 1362 aka yi dokar da ta ce a riƙa shari'a da Turanci. Ta wannan ƙofa, da kuma ta coci da makaranta, kalmomin Latin suka yi ta kwarara. In ka bi sawunsu za ka ga daga wuri uku suka fito: wasu daga kallo, wasu daga kasuwa, wasu daga tsoro da ibada. Sanin gidan da kalma ta fito rabin sanin inda za ta yi maka lahani ne.

*Admire* ita ce ta tsakiya, ita kuma ta fi cancantar a daɗe a kanta. Daga Latin *admirari* take, wato tsayawa kallon abu cikin mamaki. Danginta su ne *miracle*, mu'ujiza, da *mirror*, madubi, da *marvel* da *mirage*, ƙawalwalniyar nan da ke yaudarar matafiyi. Da farko babu yabo a cikinta ko kaɗan, al'ajabi ne tsagwaronsa, mai daɗi ko marar daɗi. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611, cikin Ru'ya ta Yohanna sura 17, mai ruwayar ya ga wata mata ta bugu da jinin tsarkaka, kuma kalmar da aka sa wa abin da ya ji ita ce *admiration*. Ba burge shi ta yi ba, kiɗima ya yi. Har alamar motsin rai da muke sawa a ƙarshen jimla, a da Turawa suna kiranta *note of admiration*. A hankali mamakin ya karkata ɓangaren alheri har ya tsaya inda yake yau: ganin wani abu nagari a jikin mutum, kana jin daɗin ganinsa, wani lokaci kana fatan kai ma kana da shi.

Wata 'yar ratse: *admiral*, babban hafsan sojan ruwa, ba 'yar gidan nan ba ce ko da yake ta yi kama. Daga Larabci *amir* take, amirun nan dai da muka sani, ta bi ta Faransanci a matsayin *amiral*. Harafin d ɗin tsintarsa ta yi a hanya, don marubuta sun riƙa haɗa ta da kalmomin Latin na mamaki.

Tsadar *admire* matsakaiciya ce, ɗorewarta babu tantama, ana faɗarta ga babba da ƙarami da tsara. Nahawunta mai sauƙi ne: *I admire your patience*, ko *I admire you for* sannan ka kawo dalili. Abin lura a furuci shi ne a *admire* gaɓa ta biyu ake ƙarfafawa, a *admirable* kuwa ta farko. Haɗarinta ɗaya ne, amma babba. In ka bar ta tsirara, ba ka rataya mata dalili ba, tana iya zamewa ɓangaren soyayya, domin *admirer* a bakin Bature mai son mace ne, *secret admirer* kuma mai aiko da fure ba suna. Ka ɗauka abokiyar aiki ta gabatar da rahoto mai kyau a taro, da daddare ka tura mata *I really admire you*, ka tsaya nan. Kai aikin kake nufi. Ita kuwa tana riƙe da wayar tana tunanin yadda za ta gaishe ka gobe, in kuma maigidanta ne ya fara gani, sai dai Allah ya kyauta. Ƙara kalma huɗu ko biyar, *I admire how you handled the questions*, shi ke nan an rufe wannan ƙofa. A ganina wannan sharaɗi ba aibi ba ne, shi ne ma ya sa na fi son kalmar: tana tilasta maka faɗin abin da ka gani, yabon da ya ambaci dalili kuwa shi ake yarda da shi.

*Respect* ma daga kallo take, *respicere* a Latin, waiwayowa a sake duban abu. Danginta *inspect* da *suspect* da *spectacles*, tabarau. Ita ce mafi arha kuma mafi aminci, ba ta tsufa, ba ta da ɗigon soyayya, ba ta kusa da ibada. Sai dai da sanyi-sanyi take. Kana iya *respect* ɗin kujera ba ka ƙaunar wanda ke kanta, kuma mai karatu ya san haka. Jawabin bankwana da babu komai cikinsa sai ita yakan yi kama da an sauke farali ne kawai. Tarkunanta ƙanana ne amma suna da yawa. *With all due respect* ba girmamawa ba ce, sanarwa ce cewa ga musu nan tafe, haka ma *I respect your opinion* wadda kusan kullum *but* ke biye da ita. *Pay last respects* na gawa ne, kada ta kuskura ta shiga jawabin wanda ritaya kawai zai yi. Sannan ga 'yan uku masu rikita ɗalibai: *respectful* mai ladabi, *respectable* mai mutunci a idon jama'a, wani lokaci ma "ba laifi" kawai take nufi in ana maganar maki ko albashi, sai *respective* wadda ba ruwanta da girma, "kowa da nasa" take nufi.

Yanzu 'yan kasuwa. *Esteem* daga *aestimare* take, ƙiyasta kuɗin abu, uwa ɗaya uba ɗaya da *estimate* ɗin da ɗan kwangila ke kawowa. Ma'anarta ka auna mutum ka same shi da ƙima. Babbar riga ce mai aiki: a wurin taro tana da kwarjini, amma wanda ya sa ta ya je sayen kati, kallonsa za a yi. A jimla ɗaya take da cikakken rai a yau, *hold in high esteem*, sai kuma *self-esteem* ta masana halayyar ɗan Adam. In ka ce wa mutum *I esteem you* baki da baki, zai ji kamar daga tsohon littafi ka fito. Mu nan kuma mun yi mata wani lahanin na daban. Duk mai asusun banki a Najeriya ya san saƙon da ke farawa da *Dear esteemed customer*, wanda yawanci abin da ke biye da shi shi ne ba za a iya tura kuɗi ba daga ƙarfe kaza zuwa kaza. Haka takardun neman aiki suka cika da *your esteemed organisation*. Yawan juyawa ya sa kalmar ta koɗe a gida, a waje kuma ta fi haka muni, domin wasiƙun damfara da ake turawa ta imel sun daɗe suna sanye da irin wannan ladabi mai maiƙo, mai karɓar takarda a wata jami'ar Ingila ko Amurka na iya ɗaure fuska tun daga layin farko. Tsada sama, riba kaɗan.

*Appreciate* ita ma 'yar kasuwa ce, daga *pretium*, farashi. Abin sha'awa, *price* da *precious* da *prize* da ita kanta *praise*, yabo, duk daga wannan tushe suke. A wurin mutanen nan yabo sa wa abu kuɗi ne. Har yau ba ta bar kasuwar ba, shi ya sa ake cewa naira ta yi *appreciate* in darajarta ta tashi. A mu'amala ta fi kusa da godiya fiye da burgewa: abin da aka yi maka kake yabawa, ba halin mutumin ba. Arha ce, tana ɗorewa, ta dace da imel na ofis. Kuskuren da ya zama ruwan dare shi ne barinta ba karɓau. *I appreciate* kawai, a tsaya, ta karɓu a tsakaninmu, amma a daidaitaccen Turanci sai an ce *I appreciate it* ko a faɗi abin. A kula kuma da *I would appreciate it if you*, wadda umarni ce cikin lallami, wani lokaci ma ƙorafi. Kada mutum ya ga an rubuto masa ita ya ɗauka an yabe shi.

Gida na uku shi ne mai zafi. *Revere* ta shigo a ƙarni na 17 daga *revereri*, wadda cikinta akwai *vereri*, jin tsoro. Girmamawa ce mai haɗe da kwarjini, irin wadda ke sa a sunkuyar da kai. Daga nan *Reverend* ta fito, laƙabin limaman Kirista. Ƙanwarta *venerate* ta fi ta nauyi, tushenta ɗaya da sunan Venus, gunkiyar soyayya ta Rumawa, kuma an fi amfani da ita ga waliyyai da wurare masu tsarki. *Venerable* kuwa tana ɗauke da tsufa, ka faɗa wa mai shekara 50 yana iya tambayarka ko furfura ka gani. *Revere* tana da wurinta: babban malamin da ya yi shekaru yana karantarwa, dattijon da gari ya yarda da shi, jagoran da ya riga mu gidan gaskiya. An fi jin daɗinta in game da mutum ake magana ba da shi ba, *a revered scholar*. A kan shugaban sashe da ke sa hannu a takardar hutunka kuwa, fadanci za a kira ta. Furucinta ma sai an yi hattara, don harafin v ba namu ba ne, kuma in ƙarfin ya koma gaɓar farko sai ta tashi kamar *river*.

*Adore* ta fi kowace yaudara. Asalinta *adorare*, fuskantar abin bauta da addu'a, dangin *orator* da *oration*. A waƙoƙin coci har gobe da wannan ma'ana ake rera ta. Amma a titi ta faɗo ƙasa warwas: Baturiya za ta ce tana *adore* ɗin cakulan, jariri da 'yar kyanwa su ne *adorable*. Wato ta tsallake tsakiya gaba ɗaya, ko dai bauta ko shauƙi, babu wurin malami ko shugaba a cikinta. Tsakanin miji da mata, ko uwa da ɗa, babu mai ɗaga gira a Turance. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da asalin ba yana da *cherish* da *love* a ajiye. *Idolize* kuwa ba ta ɓoye komai ba, *idol* gunki ne, kuma ko a wurin Turawa tana nuna son da ya rufe ido. Ita ma *fan* da matasa ke yawan faɗa gutsuren *fanatic* ce, daga *fanum*, ɗakin bauta, ta yaɗu ne a Amurka cikin shekarun 1880 a bakin masu kallon wasan besbol.

*Worship* ta bi hanyar da ta saɓa wa ta *adore*, kuma saninta na kwantar da hankali. Ita 'yar ƙasa ce, tsohon Turanci *weorthscipe*, wato cancanta ko daraja, daga *worth*. Mutane ake ba ta tun farko kafin ta keɓanta ga ibada. Ragowar tsohuwar ma'anar ce lauya ke amfani da ita in ya miƙe a kotun majistare ya ce *Your Worship*; ba bauta yake wa alƙali ba, "mai daraja" yake cewa. Amma a wajen kotu kada ka gwada ta a kan kowa.

Saura 'yan ihu, waɗanda ake jefawa a ƙarƙashin hoto a Facebook. *Awesome* daga *awe* take, ita kuma daga *agi* ta harshen 'yan Viking da suka mamaye arewaci da gabashin Ingila a ƙarni na 9, ma'anarta firgici. Tagwaye ta haifa. *Awful* da *awesome* duk da farko abu mai ban tsoro da kwarjini suke nufi. Ta farkon ta gangara ta zama "mummuna" tun farkon ƙarni na 19, ta biyun kuma matasan Amurka suka mai da ita "ya yi kyau" har ta game duniya a shekarun 1980. *Terrific* daga *terror* take, *amazing* daga ruɗewa, *fantastic* da *fabulous* daga ƙage da tatsuniya. Kusan kyauta ake samunsu, shi ya sa ba sa ɗaukar kaya: wanda ya ce shayi *awesome* ne, me zai ce da Dutsen Zuma? Suna kuma nuna ƙasa da zamani, *awesome* ta Amurka ce, *brilliant* ta Ingila. A hira ba su da laifi. A kundi ko takardar shaida, su ne za su fara tsufa.

Kafin jadawali, akwai wasu uku da ba ma'anarsu ce matsala ba, alkiblarsu ce. *I commend you*, *I am impressed* da *I am proud of you* daga sama suke gangarowa ƙasa. Kanun jaridu sun saba mana da gwamna ya yi *commend* ɗin wane, sai ɗalibi ya ɗauka ya rubuta wa farfesansa. Farfesan zai ji kamar an dafa kansa an ce ya yi ƙoƙari. Mai hawa daga ƙasa zuwa sama ita ce *look up to*, 'yar gida marar ado, wadda ke cewa ina koyi da kai.

| Kalma | Asali | Tsada | Ɗorewa | Sauƙi | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| admire | kallon mamaki | matsakaiciya | sosai | mai sauƙi | soyayya, in ba dalili |
| respect | waiwaye | arha | sosai | danginta na rikitarwa | sanyi, share fagen musu |
| esteem | ƙiyasin kuɗi | mai tsada | ta fara tsufa | jimla ɗaya ta rage mata | kama da saƙon banki |
| appreciate | farashi | arha | sosai | tana buƙatar karɓau | godiya ce, ba burgewa ba |
| revere | tsoro | mai tsada ƙwarai | tana ɗorewa | furuci da wuya | fadanci |
| adore | addu'a | ba ta da tsayayyen farashi | tana ɗorewa | mai sauƙi | shauƙi ko bauta |
| awesome | firgici | kusan kyauta | 'yar yayi | mai sauƙi | rashin nauyi |

To wa zai ɗauki wacce? Mai rubuta shafin godiya a kundi ya riƙe *appreciate* da *grateful* ga waɗanda suka taimaka, ya ware *admire* guda ɗaya ga malamin da ya duba aikin, tare da faɗin abin da ya gani a wurinsa, haƙuri ne ko tsantseni. Mai jawabin bankwana ya haɗa biyu, *respect* don kujerar da shekarun aiki, *admire* don halin mutumin. In taron na manya ne ƙwarai, *held in high esteem* sau ɗaya ta wadatar, kuma ta fi daɗi in da bakin ma'aikata duka aka faɗe ta ba da bakin mutum ɗaya ba. Mai neman aiki ko gurbin karatu a waje ya goge *esteemed* duk inda ta fito, ya sa jimla ɗaya da ke nuna ya san abin da wurin ke yi. Mai rubuta ta'aziyyar babban malami ko dattijon gari, nan ne *revered* ta sami gurbinta, ba mai cewa ya yi yawa.

Namiji mai yaba wa abokiyar aiki, ko mace mai yaba wa abokin aiki, su ɗora yabon a kan aikin: *I admire your work*, ko ma *excellent work* kawai, kuma da rana a tura. Ƙarami mai son gaya wa babba cewa shi ne madubinsa ya ce *I look up to you*, ya bar *proud* da *impressed* ga iyaye da malamai. Babba mai yaba wa na ƙasa da shi kuwa *commend* da *impressed* da *proud* duk nasa ne, kuma *I am proud of you* daga bakin uba ko malami ta fi duk wata kalmar Latin da ke cikin jadawalin nan isa inda ake so. *Adore* a bar ta a cikin gida. *Awesome* kuma a bar wa hoton ɗaurin aure da sakamakon ƙwallo.